Ashirin Ba Biyu

Gwiwata ce ta mai da ni mai renon yara. Da ƙafata lafiya, ni da zaman tsakar gida? Ina! Shekaru na yi ina ɗaukar Turawa a kujera, mu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, muna hawa tuddan garin Bahiya, can ƙetaren teku a ƙasar masu jin Fotugis, muna gangarowa, har Allah ya sa na fanshi kaina. Ban daɗe da samun 'yanci ba na zame a kan jiƙaƙƙen dutse, gwiwar ta gurɗe, ba ta sake komawa daidai ba. Sai na koma saƙar malafa a ɗakin da na kama a unguwar Barroquinha, a ƙarƙashin wani tsohon bene, da ɗan fili a baya inda rana ke leƙowa.

Matan unguwar yawancinsu Yarbawa ne, waɗanda a nan ake ce wa Nago. Da sassafe suke ɗora farantin katako a ka su tafi talla. Suka duba suka ga mutum zaune ba ya zuwa ko'ina. Yau wannan ta ce, "Baba, riƙe min wannan, yanzu zan dawo." Gobe waccan. Yanzun nan tasu kuwa sai la'asar sakaliya. Kafin in farga fili ya cika da ƙananan yara, masu majina da masu kuka da masu cin ƙasa, ni kuma ba haƙuri ne ya ishe ni ba.

Cikinsu akwai tawa. Uwarta, matata, Bayarbiya ce, baiwa a wani gida da ke kan gangaren Ladeira da Praça, ita ke yi musu wanki da guga. A wancan lokaci ɗa uwarsa yake bi, saboda haka 'yata ma baiwa ce, ni da na haife ta ba ni da iko da ko silin gashinta. A coci sun raɗa mata suna irin nasu. Ni kuwa na yi mata huɗuba a kunne da sunan mahaifiyata, shi ya sa ba na kama sunan, Uwata nake ce mata. Uwargijiyar gidan, wadda bayi ke kira Sinya, tsohuwa ce mai yawan ciwon kai, ba ta son ƙiriniyar yara. Wannan ne kaɗai dalilin da ya sa ta yarda uwar ta riƙa ajiye min yarinyar da safe in za ta wuce wurin wanki, ta ɗauke ta da yamma. Ba alkawari aka yi min ba. Kalma ɗaya daga bakin tsohuwar nan ta isa ta yanke zuwan, kuma kullum da sanin haka nake kwana nake tashi.

Don in samu su yi shiru na fara abin da na fara. Na cika baho da ruwa na ce kowa ya kawo abin da ya tsinta, mu ga mai nutsewa da mai iyo. Aka kawo tsakuwa, aka kawo gashin kaza, wani ɗan banza ya kawo takalmin uwarsa. Na jefa lemo ya taso. Na ɓare shi na sake jefawa, ya tafi ƙasa. Kai, ka ga idanu! Uwata ta tsuguna ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Baba, rigarsa ce ke ɗaga shi." Na ce to, ki je ki gwada da wani mu gani ko gaskiya ne. Ranar sai da na yi asarar lemon da na saya don bakina.

Daga nan abu ya zama jiki. Na raba ɓawon kwakwa biyu na rataye a sanda, ya zama ma'auni, suna auna yashi da wake suna gardamar wanne ya fi nauyi. Na roƙi wata mai sayar da kifi ta ɗebo mana ruwan teku a kwalba, muka zuba a tasa muka bari a rana. Da ruwan ya ƙafe suka lashi gishirin, suka yi ta tsalle kamar su suka halicce shi. Na kafa kara a tsakiyar fili, kowa ya auna inuwarsa da tafin ƙafa. A nan ma ni na sha kunya, don lissafin inuwar da na taso da shi a gida ya ƙi aiki. Watannin da inuwa ke tsawo a ƙasarmu, a nan gajarta take yi. Dole na zauna na sake koyo tare da masu majina.

Amma abin da na fi so shi ne ƙidaya. Na tona 'yan ramuka a ƙasa kamar na dara, goma a layi, goma a ƙarƙashinsu, na tara 'ya'yan tsamiya a ƙoƙo. Kowane rami ƙwaya ɗaya. Da Hausa muke yi, don da ita nake ƙirga, ban iya tunanin lamba da wani harshe ba. Ɗaya, biyu, uku, har goma, a cika layin sama. Sha ɗaya, sha biyu, a bi na ƙasa. In aka kai inda ramuka biyu suka rage ba kowa, sai in ce su dubi abin da ya saura.

"Nawa ne ba kowa a ciki?"

"Biyu!"

"To wannan shi ne ashirin ba biyu. In ɗaya ya rage fa?"

"Ashirin ba ɗaya!"

Haka mahaifiyata take ƙirga ƙwai, haka kowa ke yi a kasuwar garinmu. Wa zai tsaya jan baki yana goma sha takwas, alhali ga ashirin nan a gabansa? Uwata ta kama abin nan da nan, tana da shekara biyar da ɗoriya. Har ta zama ita ke gyara wa manyanta, tana riƙe ƙugu.

Duk wannan da tsoro nake yin sa. Tun boren da Musulmi suka yi a garin nan, wanda ya fara a wani gida a kan gangaren da 'yata ke kwana, ya ƙare cikin jini a unguwar Água de Meninos, ba a sake yarda da mu ba. Shekaru sun shuɗe, amma baƙin mutum ɗan Afirka in an gan shi da takarda mai rubutunmu, ko ya tara mutane a ɗaki, ko yana zane a ƙasa, kamawa ake yi. Mai 'yanci irina kuwa jirgi ake saka shi a fitar da shi daga ƙasar. Shi ya sa ko alif ban taɓa rubuta wa yaran nan ba. Ramuka kawai, su ma da na ji takun takalmi a lungu sai in shafe da ƙafata mai lafiya. Sau nawa na shafe a banza, ashe mai sayar da gawayi ne!

Uwar yarinyar ba ta son abin. Takan tsaya a bakin ƙofa da ƙullin wanki a ka ta ce, "Malam, ka bar ta ta zama sakarya. Sakarya ba wanda ke kallonta."

Ni kuma in hasala. "Ni in haifi sakarya? Ƙirgan tsamiya ne zai kashe wani?"

"Ba ka san gidan nan ba," in ji ta. Ta kama hannun yarinyar su tafi, ni in bi su da ido har su sha kwana.

Ranar da abin ya faru, da safe ba a kawo ta ba. Na ce ƙila zazzaɓi ne. Na zauna da saƙa, sai kuskure nake yi ina warwarewa. Rana ta take, inuwar karan nan ta tattare a gindinsa, shiru. Na yi wa wani yaro tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya ɓare baki. Bayan azahar sai ga tsohuwar da ke dafa abinci a gidan Sinya, tana haki, ta faɗo cikin filin. Ita ma Nago ce, mun san juna tun ina ɗaukar kujera.

"An kulle matarka," ta ce. "Tun jiya da yamma. Wai ta yi sata."

Na ce satar me?

Ta zauna a kan turmi ta ba ni labari. Jiya Sinya ta yi baƙi mata. Aka shigo da wanki an goge an ninke, da wasu fararen adikai masu ado a baki waɗanda take ji da su. Wani ya taɓa gaya mata cewa 'yar mai wanki ta iya ƙirga, sai ta so ta ba baƙinta dariya. Ta kira yarinyar ta ce ta ƙirga adikan. Yarinya ta shimfiɗa su a kan tabarma, goma a sama, saura a ƙasa, ta duba, ta ɗaga kai ta faɗa da harshen Fotugis, "Vinte, falta dois." Wato ashirin, biyu babu.

"Sinya ba ta san ko nawa ta bayar ba," in ji tsohuwar. "Idonta ya yi rauni, ta daina ƙirgawa. Amma ta ce yaro ba ya ƙarya, ga shi 'yar cikinta ta tona ta a gaban baƙi. Ta aika wa ƙaninta mai gonar rake. In ya zo zai tafi da matarka can."

"Da yarinyar?"

"Wannan ban sani ba. Ko su tafi tare, ko a raba su."

Wallahi da farko ban gane ba. Na maimaita kalmar a bakina, ashirin, biyu babu, sai abin ya dake ni a ƙirji. Sha takwas! Yarinya ta ce sha takwas ne! Lambobin Fotugis ba ta san su duka ba, sai ta ɗauki tamu ta juya musu ita yadda take. Ba abin da ya ɓata, ba wanda ya ɗauki komai. Na miƙe ina masifa, ina zagin kunnuwan da ba sa jin magana, har tsohuwar ta kama rigata ta ce in rage murya.

Ta ce, "To ka zo ka faɗa mata."

In je in ce me? In ce ni ne Bahaushen da ke tara yara a bayan ɗaki yana tona ramuka yana koya musu lissafi da harshenmu? A gidan da ke kan wannan gangaren, inda har yau tsofaffinsu ke nuna wa jikoki ƙofar da aka fito da takubba? In ta aika a kira 'yan sanda, ni da Uwata sai a lahira. In kuma na zauna, a tafi da su gonar rake, inda na san abin da ke samun mutane. Na tsaya a tsakiyar fili, yara sun zuba min ido. Na shafe ramukan da ƙafa, na roƙi maƙwabciya ta duba yaran, na ɗauki sandata.

Hawan nan ban taɓa jin tsawonsa irin na ranar ba, ni da na hau shi da ƙaton mutum a kafaɗa. Gwiwa na suka, ina ta shirya magana da Fotugis tana rushewa. Ta ƙofar baya muka shiga. Aka bar ni a tsaye a madafa, na cire malafa na riƙe a ƙirji. Daga wani ɗan ɗakin ajiya da ke gefe na ji motsi, na san matata ce, ban yarda na waiwaya ba.

Sinya ta fito tana dogara bango, da tsumma ɗaure a goshi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne uban?"

"Ni ne, Sinya."

"Ka zo roƙo ne? Kada ka ɓata bakinka."

Na ce ba roƙo na zo ba, alfarma ɗaya nake nema. A kawo wake, ita da hannunta ta ƙirga goma sha takwas, ta sa a gaban yarinyar ta tambaye ta. Na ɗauka za ta sa a kore ni. Ina jin son ganin ƙwaƙwaf ne ya rinjaye ta. Ta zauna a kujera, mai dafa abincin ta miƙo ƙwarya, ta ƙirga tana kai kowace ƙwaya kusa da ido, ta zube su a kan tebur. Aka shigo da Uwata.

Idanunta sun kumbura. Ta gan ni ba ta rugo ba, ba ta ce Baba ba. Ta riga ta gane cewa bakinta ne ya kulle uwarta, ko da ba ta san ta yaya ba. Sinya ta ce ta ƙirga. Yarinya ta ɓoye hannuwa a baya. Aka sake faɗa da tsawa, ta ƙara ƙanƙame jikinta. Na ga fuskar Sinya ta fara sauyawa, ta kai hannu za ta share waken.

Ban san lokacin da na durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo ba. Na yi mata magana da Hausa, a cikin gidan nan, a gaban matar nan.

"Uwata, dube ni. Ba ki yi laifi ba. Tsamiya ce, irin ta gida. Jera min su."

Ta dube ni. Sannan ta fito da hannu ɗaya, ta jera goma, ta jera saura a ƙarƙashi. Ta sa yatsa a gurbin nan biyu da ba kowa. Da ƙyar na ji muryarta.

"Ashirin ba biyu, Baba."

"Faɗa wa Sinya da harshensu."

Ta faɗa, sak yadda ta faɗa jiya. Sinya ta ce, "Biyu me? Ni na ƙirga su, sha takwas ne!" Na ce haka ne, Sinya, abin da ta ce ke nan, mu a wurinmu haka ake kiran sha takwas. Sinya ta ƙara ƙwaya ɗaya ta tura. Yarinya ta ce ashirin, ɗaya babu. Sinya ta sa aka kawo adikan, aka ƙirga a gabanta, sha takwas cif.

Sai ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har tana riƙe ciki, tana share hawaye da ɗaya daga cikin adikan. Wai mutane ne za su ƙirga abin da babu! Ta ce sai ta ba ƙawayenta labari. Ta ciro mabuɗi daga ɗamararta ta jefa wa mai dafa abincin. Matata ta fito tana kare ido daga haske, ba ta dubi kowa ba, ta je ta tsaya a jikin bango. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Ni kuwa ajiyar zuciyar da na yi, na ɗauka an gama.

Dariyar ta tsaya. Sinya ta gyara zama ta dube ni.

"A ina ta koyi wannan?"

"Wasa ne, Sinya. Da 'ya'yan itace."

"Da wane harshe ka yi mata magana yanzu?"

Na faɗa. Ba yadda zan yi.

"Yara nawa ne a wurinka?"

"'Yan maƙwabta ne, iyayensu na talla."

Ta jinjina kai. Ta ce ita mace ce mai tausayi, ba za ta aika a kira kowa ba, ko da yake ta san waɗanda za su so jin wannan labari. Amma yarinya mai kai irin wannan ba za a bar ta a lungu tana koyon ƙirgan arna ba. Daga yau a cikin gida za ta zauna, kusa da ita, ta zama idonta, a koya mata lissafi irin na mutane. Zuwa Barroquinha ya ƙare.

Arna! Ni da ban taɓa barin salla ba ko a cikin jirgin da ya kawo ni. Na haɗiye maganar. Na sunkuya na ce na gode, Sinya. Sai da na yi godiya, a gaban 'yata, kafin na samu na miƙe.

Matata ta raka ni bakin ƙofa. Ina jiran ta ce ai na gaya maka. Ba ta ce ba. Ta gyara min wuyan riga kawai, ta ce, "Sauka a hankali, Malam, dutsen da santsi."

Yaran unguwa sun ci gaba da zuwa. Muka ci gaba da bahon ruwa da ma'auni da karan inuwa, don ba su san wani abu ya sauya ba, kuma in na bar su haka nan sai su cinye ni. Ramukan ne na kasa sake tonawa. Kowace safiya kunnena na kan lungu, ko zan ji takun uwar da ɗan gudun da ke biye da shi. Nakan ga Uwata daga nesa ran Lahadi, tana bin bayan kujerar Sinya zuwa coci, sanye da farar riga, riƙe da mafici. Ba a tsayawa, ba a gaisawa.

Sai da aka yi watanni, ranar da Sinya ta kwanta da ciwon kanta, tsohuwar nan mai dafa abinci ta aiko in zo ƙofar baya. Na cusa 'ya'yan tsamiya a aljihu na hau. Aka fito min da ita. Ta ƙara tsawo, an yi mata kitso irin na gidan. Ta gaishe ni da Fotugis, a ladabce, kamar baƙo. Na zauna a kan dakali na zube tsamiyar a tsakaninmu, ina murmushin ƙarfin hali.

"Uwata, nawa ne?"

Ba ta jera su ba. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi, ba sauti. Da ta gama ta waiwaya ta dubi cikin gida, sannan ta dube ni.

"Dezoito," ta ce. Sha takwas ke nan da harshensu.

Na ce madalla, daidai ne. Na fara tattarawa. Sai ta kama hannuna da hannuwanta biyu, ta matso, idonta ya ciko, ta yi raɗa da 'yar Hausar da ta rage mata.

"Baba, ba abin da ya ɓata. Ka ji? Duka suna nan. Ba abin da ya ɓata."

Na ce, "Na ji, Uwata. Ba abin da ya ɓata."

Aka kira ta daga ciki, ta saki hannuna ta ruga. Na mayar da tsamiyar aljihu, na ɗauki sandata, na fara sauka.